Wasiƙa zuwa ga Auta, kan kukan tsirkiya

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gidan kawunka a Yamai. Mu nan Maraɗi lafiya lau, sai hazo da ya rufe gari, ga kuran yana zuwa yana tafiya yadda ya ga dama.

Saƙonka na WhatsApp ya iso. Na saurare shi sau uku a shago, na ajiye rediyon wani da nake gyarawa na sake saurara. Na ji kana bugun tsirkiya da ƙarfi kamar mai faskare, kana neman wannan siririn kuka mai kama da fito da ka ji a wurin Zakk Wylde, makaɗin gitar nan na Amurka, ita kuwa gitar sai "tuf" take ba ka. A ƙarshe ka ce in aiko maka jikka talatin ka sayi akwatin distosiyo, na'urar nan da ke kausasa muryar gita, wai shi ne ya rage. Ba zan aiko ba. Ba rowa ba ce, kuma kada ka kai ƙarata wurin innarka kafin ka gama karanta takardar nan.

Ni ma na yi irin wannan wauta. Zamanin Seyni Kountché, lokacin da nake riƙe gita a ƙungiyar samariyar unguwarmu, na ji kukan nan a wani kaset, na rantse a cikin ampli yake, wato akwatin da ke ƙara wa gita murya. Na kwance amplin ƙungiya ɗungurungum, na musanya wannan na musanya wancan, har na ƙona shi ana saura kwana biyu wasa. Sai da wani makaɗi ya biyo ta garin nan, ya karɓi gitata, ko waya bai jona ba, ya fitar da kukan a gabana. Kunya ta hana ni tambaya, sai na zuba wa babban yatsansa ido.

Ga abin da ke faruwa. Tsirkiya idan ka kaɗa ta, ba rawa ɗaya take yi ba. Tana kaɗawa gaba ɗayanta, kuma a lokaci guda tana kaɗawa rabi-rabi, kashi uku-uku, kashi huɗu-huɗu. Ɗauki tsirkiya ta biyar: a sake tana kaɗawa sau 110 a daƙiƙa, amma a cikinta akwai 220, da 330, da 440, sun ɓuya a ƙarƙashin babbar murya. In ka taɓa ta sama-sama daidai inda ta rabu, babbar muryar sai ta mutu, ƙaramar ta fito fili. Gwada yanzu: ɗora yatsan hagu a kan ƙarfen gaɓa ta 12, cikin ƙarafan da ke jere a wuyan gita, ba tare da ka danna ba, ka kaɗa, ka ɗage. Wannan rabi ke nan. Gaɓa ta 7 kashi uku, ta 5 kashi huɗu. Ka yi ta yi har kunnenka ya san ƙarar nan kamar yadda ya san muryata.

To, abin da kake nema shi ne wannan ɗin dai, sai dai hannun dama ne ke yin aikin biyu, bugu da taɓawa. Ka riƙe mediyato, ɗan abin da ake kaɗa tsirkiya da shi, ka shaƙe shi, kada ka bar abin da ya leƙo ya wuce ƙwayar shinkafa. Ka ɗan karkata hannu, ka buga ƙasa, ta yadda da mediyato ya wuce, gefen naman babban yatsa zai shafi tsirkiyar ya wuce shi ma. Ka tuna yadda innarka ke taɓa murfin tukunya ta ji ko ya yi zafi? Haka. A saƙonka yatsan yana kwanciya a kan tsirkiya, shi ya sa take mutuwa. Kuma rage ƙarfin nan, ba faɗa kuke yi ba.

Wurin bugun shi ne inda kowa ke ɓata. Tsirkiyar gita irin taka tsawonta wajen santimita 65 ne. In ka danna gaɓa ta 5, abin da ke kaɗawa ya koma kusan 49. Kashi ukunsa yana wajen santimita 16 daga gadar da ke riƙe tsirkiyoyi, kashi huɗunsa wajen 12. Ka matsa zuwa gaɓa ta 7, sai su koma wajen 14 da 11. Ka ga ke nan duk sanda hannun hagu ya gusa, wurin dama ma ya gusa, kuma tazarar faɗin yatsa ɗaya ta isa ta raba ka da kukan. Don haka ka kama tsirkiya ta uku, ka danna gaɓa ta 7, kada ka motsa hagu. Ka fara bugu daga kusa da wuyan gita kana jan hannu kaɗan-kaɗan zuwa gada. Za ka ji wurare uku ko huɗu suna amsawa, kowanne da muryarsa. Ka lura da su da ido: wannan saitin mikron tsakiya, cikin masu ɗaukar sauti da ke jikin gita, wancan bayansa kaɗan. Mako guda a kan wannan gaɓa kaɗai, ko da abin zai gundure ka. Da ya fito, ka girgiza tsirkiyar da yatsan hagu, nan ne fiton ke zama kuka.

Ban ce na'ura ba ta da amfani ba, ni da nake cin abinci da ita. Ka juya maɓallin gita zuwa mikron da ke kusa da gada, shi ne mai kama siririyar murya. Ka buɗe maɓallin kaifin sauti har ƙarshe, ka ƙara gen, wato ƙarfin sautin da ke shiga amplinka. Wannan zai ɗaga kukan ya ja shi ya daɗe. Amma ampli abin da ka ba shi yake ƙarawa. In ka ba shi "tuf", zai mayar maka da "tuf" mai cika ɗaki. Roy Buchanan na Amurka, wanda ake yawan ambata a farkon masu wannan salo, da gita samfurin Telecaster da ampli ya yi suna. Mdou Moctar namu kuwa, gitarsa ta fari da wayoyin birkin keke ya haɗa ta. Ranar da aka ɗauke kuran, kada ka ajiye gita. Ka shiga ɗaki ka kasa kunne, in hannun ya yi daidai za ka ji shi siriri kamar kukan sauro.

Abu ɗaya da kunnena ya kama wanda ba laifin hannunka ba ne: tsirkiyoyinka sun mutu. Ƙura da zufa sun cinye su, kuma tsohuwar tsirkiya ba ta ba da wannan murya sai da jan rai. Na sa an nemo sabbi, zan ba yaron mota ranar Litinin tare da ƙulli-ƙullin da innarka ta yi. Ka riƙa goge su da ƙyalle duk ka gama, ka mayar da gita cikin jakarta.

In ka same shi, na san ka, za ka so ka cusa shi a kowane layi. Yaji ne, a bakin tsire ake barbaɗa shi. Sau ɗaya ko biyu a waƙa, inda mai sauraro bai zata ba.

Kawunka bai yi ƙorafi ba, amma matarsa ta gaya wa innarka cewa har bayan lisha ana jin ka, ga jariri a gidan. Gidan mutane kake. Da an kira salla ka kashe ampli, da dare kuma ka sa abin kunne. Sakamakon jarrabawarka ma har yau ban gani ba, ka haɗo da shi.

Ka naɗo mini gaɓa ta 7 ɗin nan bayan mako guda, ba tare da ampli ba, ka kusanto da wayar jikin gita. Ka gaida kawunka da iyalinsa. Innarka na tambaya ko rigar sanyin ta yi maka.

Babanka