Abin da na gani a Galmi

Edita barka da aiki. Ni ɗan Zuru ne a jihar Kebbi, ikilisiyarmu ta tura mu aikin bishara Jamhuriyar Nijar, muka yi wata biyu a wajen Galmi inda asibitin mishan ɗin nan yake tun 1950, to abin da na gani ne ya hana ni yin shiru.

Masu bi a can ba su da yawa, kuma gaskiya ba masu kuɗi ba ne, amma ranar Lahadi in ka ga baiko, wato kyautar da suke kawowa coci, sai jikinka ya yi sanyi, wannan ta kawo tiyar gero wancan buhun albasa, Galmi ai garin albasa ne, ana tashi sujada matan zumunta su rarraba wa gwauraye da masu jinya a asibiti, ba ruwansu da ko Kirista ne ko Musulmi. Wata tsohuwa kullum sai ta aiko mana fura, na miƙa mata sefa ta ce haba ɗana, baƙo ake sayar wa fura?

Don Allah a buga wannan, ina so fastocinmu na Zuru da Yauri su tuna da masu gudun hijiran da ke zaune cikinmu kafin a fara rabon baikon kaka na bana.

Naku,
mai karatu daga Zuru