Rahoton kwamitin aikin allon sanarwa na bakin tasha, Tawa

Assalamu alaikum. Kwamitin da kuka ɗora wa aikin allon sanarwa mai aiki da lantarki yana shaida muku cewa an kammala, kuma allon ya fara aiki.

Ginin kansa bai ba mu wahala ba. An tayar da bango na bulo da siminti, an yi rumfar kwano mai zurfi don kada rana ta bugi allon, an ɗora faifan hasken rana a sama tare da batir, saboda ɗaukewar wuta.

Inda muka daɗe muna muhawara shi ne wurin da bayanan za su zauna. Wasu sun so a bar su a babbar kwamfuta a Yamai. To amma fa duk sanda mutum ya taɓa wayarsa, sai saƙon ya yi tafiyar fiye da kilomita 500 ya dawo, kuma kowa ya san yadda rezo yake cunkushewa ranar Lahadi idan kasuwa ta cika. Shi ya sa muka sa ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi, wadda ba ta fi tafin hannu ba, cikin akwatin ƙarfe a bayan allon. Ita ke ba da wifi. Mutum ya haɗa salularsa, ya ɗauki hoton alamar QR, wato ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu da waya ke karantawa, ya zaɓi abin da yake so: lokacin tashin motar Ƙonni ko Abalak, ko farashin albasa a Galmi. Amsa tana zuwa nan take, ba a cin megarsa ko kaɗan. Wanda bai iya karatu ba yana saurare a wayarsa da Hausa, Tamajaq ko Fulatanci. Intanet sai lokaci lokaci ake bukatarta, don ɗauko sabon farashi.

Lambar waya ba ta fitowa a allon. Dattawa sun nace a kan wannan, kuma suna da gaskiya.

Abin tsoro shi ne zafi da ƙura. Kwamfutar tana rage gudu da kanta idan zafin cikinta ya kai wajen digiri 80, ga shi bazarar Tawa tana wuce 40 a inuwa. Mun sa fanka, mun rufe ƙofar iska da ƙyalle mai tace ƙura, wanda dole a riƙa kakkaɓewa kowane mako lokacin hunturu.

Makullin akwatin yana hannun sarkin tasha. Takardun kashe kuɗi suna wurin ma'aji ga duk mai son dubawa.