Ba duk kadojin da ake tsinta a tafkunan Amurka ne suka kai kansu ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan hotunan da ake ta yaɗawa na kadojin da ake gani a tafkuna da kogunan Amurka, a wuraren da ba a san su da zama ba, saboda na lura ana cakuɗa al'amura biyu da ba su da haɗi.

Kadan Amurka, mai faffaɗan baki, wanda ake kira aligeta, asalin mazauninsa fadamu da kogunan kudu maso gabashin ƙasar ne, daga Karolina ta Arewa har zuwa Teksas, kuma ya fi yawa a Fulorida da Luwisiyana. Mafarauta sun kusa ƙarar da shi saboda fatarsa, har aka saka shi cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu a 1967, sai a 1987 aka tabbatar ya farfaɗo. Da suka hayayyafa, wasu suka riƙa bin ruwa suna nausawa arewa, kuma a 2018 hukumar kula da namun daji ta jihar Tenesi ta tabbatar da ɓullarsu a yammacin jihar. Suna jure sanyi gwargwado, domin sukan daina cin abinci su lafe, idan ruwa ya fara daskarewa kuma su turo hanci waje, ƙanƙara ta kama shi, su ci gaba da numfashi a haka. Waɗannan ba ni da ƙorafi a kansu, ruwansu suka bi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rukuni na biyu, wato kadojin da mutane ke jefarwa. A watan Yuli na 2019 an shafe kimanin mako guda ana neman wani kada a tafkin lambun Humboldt da ke birnin Shikago a arewacin ƙasar, sai da aka ɗauko gwani daga Fulorida kafin aka kama shi. Na tafkin lambun Prospect a birnin Niyok ya fi ban tausayi. A Fabrairun 2023, ana tsakiyar hunturu, aka tsamo wata kada mai tsawon kimanin ƙafa 4, ta rame, sanyi ya sandarar da ita, ko motsin kirki ba ta iya yi. Likitocin gidan zu na unguwar Bronx da ke birnin suka gano ta haɗiye robar toshe bahon wanka, abin da ya isa ya nuna irin wurin da aka tsare ta. Bayan kimanin wata biyu ta mutu.

Babu kogin da zai kai kada can daga Fulorida. Mutum ne ke sayen ɗan kada tun bai wuce kamu ɗaya ba, ya manta cewa namiji yakan haura ƙafa 10, kuma yakan yi shekara 40 ko fiye a raye, ran da ya fi ƙarfin gida da aljihu sai ya kai shi tafkin da yara ke wasa a bakinsa ya saki. Wannan zalunci ne ga dabbar, ganganci ne kuma da rayukan jama'a.

Ina roƙon idan za ku buga irin wannan labari, ku riƙa bayyana wa masu karatu ko kadan da kansa ya iso wurin ko kuwa wani ne ya jefar da shi.

Wassalam,
Mai karatunku daga Kano