Kyamarorin titin Legas: wa zai riƙa duba lafiyarsu?

Ranka ya daɗe Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan kyamarorin nan da gwamnatin Legas ta kakkafa a tituna, saboda 'yan uwanmu direbobi masu kawo tumatur da albasa kasuwar Mile 12 da masu kasuwanci a Agege abin ya shafe su kai tsaye, da yawa ma ba su san da su ba sai tara ta hau kansu.

A watan Fabrairun 2025 kwamishinan sufuri Oluwaseun Osiyemi ya sanar da cewa a Alapere ba a wuce kilomita 80 a awa, a titin Mobolaji Bank Anthony kuma 60, wanda ya wuce zai biya naira dubu 50, wanda ya tsallake danja a mahaɗar Allen naira dubu 20. Babu ɗan LASTMA, wato jami'in hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Legas, da zai tare ka, kyamara ce kawai za ta ɗauki lambar motarka sai ka ga tes ya shigo waya. Ni gaskiya wannan ya yi min, don kyamara ba ta karɓar na goro, ba ruwanta da ko kai ɗan wane ne.

To amma inda gizo ke saƙar shi ne kula da su. Na'ura ce fa da ke tsaye rana da damina, ga ruwan Legas da ba ya wasa, ga ƙurar hunturu da hayaƙin manyan motoci suna rufe gilashin, ga batir da wuta, ga ɓarayin waya, kuma ita kanta na'urar da ke auna gudu dole a riƙa gwada ta lokaci lokaci don in ta kauce ko da kaɗan ne sai a ci tarar mutumin da bai yi laifin komai ba. Shi ya sa nake so a riƙa faɗa wa jama'a yaushe aka duba kowace kyamara kuma wa ya duba, sannan mai ƙorafi ya samu inda zai kai kukansa ba tare da ya ɓata yinin neman abincinsa ba. Allon da ke nuna iyakar gudu ma in ya goge ko fastocin 'yan siyasa sun rufe shi, ai ba adalci ba ne a ci tara a wurin.

Ba don komai nake wannan tsoron ba sai don mun gani a Abuja. A 2010 aka ba kamfanin ZTE na China kwangilar kyamarorin tsaro ta dala miliyan 470, akasarin kuɗin bashi ne, ƙarshe aka bar su suka lalace a kan turaku. A ƙasar nan kafawa da yanka ribon ba ya mana wuya, kuɗin gyara ne kullum ba a warewa.

Ku kuma 'yan uwa direbobi, wanda ya sayi mota hannu na biyu ya je ya mayar da takardun sunansa da lambar wayarsa, in ba haka ba tes ɗin tsohon mai motar zai riƙa samu, tara na ta taruwa kai ba ka da labari, sai ranar da ka je sabunta takardu a zaro maka lissafi.

Naku,
Wani mai harkar gwari, Mile 12, Legas