Wasiƙa daga Arizona

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka ji an ce na je kotu, hankalinka ya tashi. Ba laifi na yi ba. Tunda na zama ɗan ƙasa, sunana ya shiga cikin waɗanda ake kira su taya alƙali yanke hukunci. A gida alƙali ne ke cewa mutum ya yi laifi ko bai yi ba. A nan mutanen gari ake zaɓowa su faɗi haka.

Wajen zaɓen ne rigimar take. A yawancin jihohin Amurka, lauyan kowane ɓangare yana da damar cire wasu mutane ba tare da ya faɗi dalili ba. Da wannan damar aka daɗe ana tsame baƙar fata. A 1986, a shari'ar Batson, Kotun Ƙoli ta hana cire mutum saboda launin fatarsa, a 1994 kuma ta hana saboda jinsi. To amma idan aka tuhumi lauya, sai kawai ya kawo wani dalili: wannan ya ƙi haɗa ido da ni, wancan unguwarsu ba ta yi mini ba. Wa zai shiga zuciyarsa? Tun a shari'ar Batson, Mai Shari'a Thurgood Marshall na Kotun Ƙoli ya ce a soke damar cirewar gaba ɗaya, ba a saurare shi ba.

Duba Curtis Flowers, wani baƙar fata na jihar Mississippi. Sau shida aka yi masa shari'a kan tuhuma ɗaya ta kisan mutum huɗu, mai gabatar da ƙara ɗaya. Cikin baƙar fata 42 da aka kira, 41 ya cire. Sai 2019 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, bayan bawan Allah ya haura shekara ashirin a tsare.

Jiharmu ta soke damar daga farkon 2022. Yanzu duk wanda za a cire sai an gamsar da alƙali. Ni dai na goyi baya, ko da yake lauyan wanda ake tuhuma ma ya rasa makaminsa, kuma wannan yana ɗan damuna.

Ni ba a ɗauke ni ba, kujeru sun cika kafin a zo kaina. Ka gaida mutanen majalisa, ka ce yajin da suka yi mini alkawari har yau shiru.

Wassalam,
Amininka