Sunan Toyota ya kai, amma a duba injin kafin a biya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu domin in ja hankalin 'yan'uwa masu sayen mota a nan Legas, musamman waɗanda ke tara kuɗi shekara da shekaru a Mile 12, Alaba Rago, Idi-Araba da Zangon Agege, ran da suka tashi saye kuma sai su ce wa dillali, "In dai Toyota ce, kawo." Mu da sana'armu ita ce buɗe waɗannan injuna mun san kamfanin da guminsa ya samu wannan suna. Sai dai sunan ya yi ƙarfin da ya sa mutane sun daina bincike. Toyota ba inji ɗaya ta ƙera ba, kuma ba kowanne ne ya fito lafiya ba.

Asalin gidan ma ba na mota ba ne, na saƙa ne. Sakichi Toyoda ya ƙera injin saƙa wanda ke tsayawa da kansa da zarar zare ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. A 1929 aka sayar wa kamfanin Platt Brothers na Ingila haƙƙin ƙera shi a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro ya buɗe sashen mota a 1933, motar farko ƙirar AA ta fito a 1936, kamfanin Toyota ya tsaya da ƙafarsa a 1937. Wannan ɗabi'a ta injin saƙa ita ce Taiichi Ohno da abokan aikinsa suka shigar masana'antar mota bayan Yaƙin Duniya na Biyu: ma'aikacin da ya ga kuskure yana da ikon jan igiya a tsayar da layin haɗa mota har sai an gano tushen matsalar. Land Cruiser ta samu sunanta a 1954, Corolla ta zo a 1966, Hiace a 1967, Hilux a 1968, Camry a 1982.

A nan gida kuwa, da can fagen na Peugeot ne da Volkswagen, waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna da Ojo a 1975. Har yau akwai tashar da ake kira Volks a hanyar Badagry. Da darajar Naira ta karye bayan 1986, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci da ƙaramin ɗan kasuwa, sai aka koma tokumbo, wato motocin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje. A nan Toyota ta yi zarra, saboda takan ɗauki inji ɗaya ta sa shi a motoci iri-iri na tsawon shekaru. Shi ya sa idan ka shiga Ladipo a Mushin neman kayan gyara, ba ka fitowa hannu rabbana, kuma ko a Jega ko Potiskum motar ta tsaya, za a samu bakaniken da ya san cikinta. Masu mota suna yabonta kan abu uku: ba ta yawan kwana a gareji, kayanta na nan ko'ina, ran da aka so sayarwa kuma ba ta zubar da kuɗi. Duk ukun gaskiya ne.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, akasarin Toyotar da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tin Can ba daga Japan take ba. Camry tun 1988 ake ƙera ta a jihar Kentucky ta Amurka, Sienna a Indiana, Corolla da yawa a Kanada. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba za ta gaya maka: idan ta fara da J, Japan ce, 1, 4 ko 5, Amurka, 2, Kanada. Na goma a jerin shi ne shekarar ƙira: 7 na nufin 2007, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011. Wannan ya isa ya kama wanda ya canza wa motar 2007 fitilu da bamba ya ce 2010 ce, abin da ake yi kullum a garin nan.

To, ga injunan da suka fi yawa a hannun mutanenmu. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai inji 1ZZ, lita 1.8, sarƙa ke juya taimin ɗinta a maimakon bel, kuma a ganina ita ce motar da ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi. Camry da ake kira Pencil, 1997 zuwa 2001, mai inji 5S, tana da juriya, amma bel ke juya taimin ɗinta, kuma ita da V6 mai suna 1MZ na wannan zamanin sun yi ƙaurin suna wajen daskarar da baƙin mai idan aka jinkirta juye. Big Daddy, 2002 zuwa 2006, mai inji 2AZ lita 2.4, rauninta yana a kusoshin da ke riƙe kan inji: bulok ɗin na alminiyom ne, idan injin ya taɓa yin zafi sosai zaren kusoshin baya yakan zame, ruwa ya fara yoyo ta bayan inji. Canza gaskit kaɗai ba ya magance wannan, sai an sake dasa zare a ramukan.

Inda na fi so a tsaya a saurare ni shi ne Camry Muscle mai silinda huɗu, 2007 zuwa 2009, da RAV4 ta 2006 zuwa 2008. Injinsu 2AZ ne shi ma, amma fistin da ringin da aka sa masa suna toshewa da dauɗa, sai injin ya koma shan baƙin mai. Toyota da kanta ta amsa laifin a Amurka, ta canza wa motocin da gwaji ya nuna suna shan kusan lita 1 a kilomita 1,900 fistin da ringi kyauta. Ba kowace ce aka kai gyaran ba, kuma irin waɗanda ba a kai ba suna cikin masu zuwa mana. Injin gaba ɗaya lita 4 da ɗoriya yake ɗauka. Ka lissafa: Legas zuwa Kano ya haura kilomita 1,000, zuwa da dawowa lita guda ta tafi. Mai motar da ba ya zaro sandar awon mai sai ranar juye, wata rana fitilar mai za ta kama a hanya, kafin ya tsaya injin ya buga. Wanda ya riga ya mallake ta, ya duba mai duk mako da safe a fili mai daidai, ya ajiye lita guda a but. Wanda bai saya ba tukuna, ya ƙara kuɗi ya nemi ta 2010 ko 2011 ta gaskiya, mai inji 2AR lita 2.5.

Masu V6 su ma akwai nasu. Sienna 2004 zuwa 2006, Highlander da Lexus RX330 masu inji 3MZ suna da bel ɗin taimin da ake canzawa a kusan kilomita 145,000, tare da famfon ruwa da abin da ke ɗaure bel ɗin. Idan ya tsinke a guje yana iya lanƙwasa bawul. Inji 2GR lita 3.5 na kafin 2010 kuma yana da bututun mai wanda tsakiyarsa roba ce. Idan ta fashe, man injin kan tsiyaye cikin 'yan mintoci. A sa bakanike ya duba, in robar ce a maye ta da bututun ƙarfe zalla.

Amma maganar Allah, yawancin Toyotar da ke mutuwa a Legas a gareji ake kashe su, kuma wannan yana ci mini rai domin abokan sana'ata ne. Mota na sauka daga jirgi sai a cire mata tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai ita ta ƙasar sanyi ce. Jihar Arizona ta fi Legas zafi nesa ba kusa ba, kuma motocinsu da tamostat suke yawo. Aikinsa shi ne ya riƙe ruwa har inji ya kai kusan digiri 82 sannan ya buɗe. Idan babu shi inji ba ya kai zafin aikinsa, kwamfutar motar ta ci gaba da zuba fetur da yawa kamar yanzu aka tayar, feturin ya wanke man jikin silinda ya gangara ya tsinka baƙin mai. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wa ke da kuɗin wannan asarar? Idan mota na zafi, a nemi dalilin: lagireto da ruwan rijiya ya toshe, murfinsa da ya saki, fankar da ta mutu, ko famfon ruwa. A wanke, a zuba ruwan sanyaya inji ja ko mai ruwan hoda, ba ruwan leda ba.

Haka zancen baƙin mai. An rubuta irin da ake so a kan murfin: 5W-30 ga su 1ZZ, 0W-20 ga 2AR. Sai a ɗura musu 20W-50 mai kauri, alhali hanyoyin man da ke sarrafa bawul a waɗannan injuna sirara ne, har da 'yar rariya a ciki. Ƙarar da ake ji da safe in an tayar, sau da yawa daga nan take. A cunkoson Legas, inda inji ke aiki awa biyu mota ba ta yi kilomita 10 ba, a yi juye duk kilomita 5,000 ko wata 6, da matata mai kyau, a kuma sayi man a inda aka amince, don jabu ya yi yawa. Man giya ma iri-iri ne: tsofaffi T-IV, na baya WS, galibi an rubuta a jikin sandar awonsa. Yawancin Corolla na Amurka daga 2014 giyarsu wata iri ce da ake kira CVT, mai nata man daban. A zuba mata na gama-gari, ta fara zamewa.

Ranar saye, kada a yi cinikin biri a sama ta hoton waya. A je kasuwar motoci ta Berger ko duk inda motar take da sassafe, a taɓa injin a tabbatar da sanyi, domin mai hayaƙi ko ƙara dumama shi ake yi kafin mai saye ya iso. A murza makulli ba tare da tayarwa ba: fitilar inji, ta ABS da ta jakar iska dole su kama. Wadda ba ta kama ba, an cire ƙwanta ne. A jona na'urar bincike, za ta nuna idan an goge laifuffuka kwanan nan. A buɗe murfin mai a haska ciki. A ɗaga kafet, a duba ƙarfen da kujera ke gudu a kai, a ja bel ɗin kujera har ƙarshe, a leƙa ramin safaya. Laka ko tsatsa a waɗannan wurare alamar motar ambaliya ce, ita kuwa wayarinta ba ya daina ba da wahala. A shiga ƙarƙashi a duba tsatsar gishirin da ake zubawa a titunan arewacin Amurka da Kanada lokacin ƙanƙara. A tuna kuma awon tafiyar da mil yake: mil 150,000 kilomita 240,000 ke nan. Lambar shasin gilashi, ta jikin ƙofa da ta takardar kwastan su zama ɗaya. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin tudu, don haka wadda ta biyo ta Kwatano a tantance takardunta kafin a kama hanyar Arewa da ita.

Saura abu ɗaya da ya shafi rai. Kamfanin ba ma'asumi ba ne: a 2009 da 2010 ya janye miliyoyin motoci kan matsalar totur, shugabansa na lokacin Akio Toyoda ya bayyana gaban majalisar Amurka, a 2014 kuma aka ci shi tarar dala biliyan 1.2. Wanda ya fi shafarmu shi ne jakar iska ta kamfanin Takata, da ke cikin Corolla da Matrix na 2003 zuwa 2008, da Honda da yawa irin waɗanda mutanenmu na Arewa ke so. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da laima, yanayin Legas ke nan sak, sai a lokacin haɗari gwangwaninsa ya tarwatse ya watsa ƙarfe a fuskar wanda ke zaune. Mutane sun mutu ta haka a ƙasashe da dama. Mai irin wannan mota yana iya sa lambar shasinsa a shafin intanet na NHTSA, hukumar Amurka mai lura da lafiyar motoci, kyauta, ya ga ko an canza tasa kafin a turo ta. Ina roƙonka, Malam Edita, ka tura wakilinku na Legas ya tambayi Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da wakilan Toyota a Najeriya: wanda ya duba ya tarar ba a canza tasa ba, ina zai kai ta, kuma nawa zai biya? A buga mana amsar da Hausa.

Wassalam.

Daga wani bakanike,
Agege, Legas