Wasiƙar Makaranta: Kafin Ku Rubuta Yaro, Ku Zo Ku Gani

Iyayenmu maza da mata, kakanni da kawunnai masu riƙon yara, muna gaishe ku daga nan Tawa. Ina gajiyar damina? Allah ya sa rumbu ya cika.

Oktoba ta matso, mun buɗe rubutun sababbin yara na ajin CI, wato ajin farko na firamare. Shekaranjiya wata tsohuwa daga Garkawa ta shigo biro riƙe da hannun jikanta. Uban yaron yana Abijan wurin biɗa, shi ya aiko kuɗi ya ce a sa ɗansa lakwal ta mishan. Aka kawo mata ruwa, ta ajiye moɗar a ƙasa, ta dube ni ta ce, "Mushe, tsakaninka da Allah, za ku sauya masa addini?" Na ce, "Inna, sha ruwa tukuna, yau ba ki tafiya sai kin zagaya ko'ina da ƙafarki."

Amsar da na ba ta ita zan ba kowa. Makarantarmu ta Kirista ce, ba mu taɓa ɓoyewa ba. Kowace safiya muna buɗe yini da addu'a da waƙar yabo, sau ɗaya a mako kuma akwai darasin Littafi Mai Tsarki. Da yawa cikin yaranmu ƴaƴan Musulmi ne, ba a tilasta wa ko ɗaya ya faɗi abin da gidansu ba su yarda da shi ba. Karatu, lissafi da Faransanci kuwa tsarin gwamnati muke bi, kamar kowace makaranta mai izini. Mutanen Adar ba baƙin aikin mishan ba ne: tun 1950 asibitin Galmi ke karɓar marar lafiya ba tare da an tambaye shi inda yake sujada ba. Wannan halin muke roƙon Allah ya ba mu a cikin aji.

Ƴan'uwana Kirista, ku ma ina da magana da ku. Sunan da ke bisa ƙofa ba shi ke renon yaro ba. Wasu sukan biya kuɗi su kakkaɓe hannu, sai ka ce makaranta za ta ɗauke musu addu'ar gida da zuwa majami'a. Ba za ta iya ba, kuma ba aikinta ba ne.

Ko mu za ku zaɓa ko wasu, ku shiga aji ana cikin karatu. Ku karɓi kayen ɗan CE2, wato aji na huɗu, ku buɗe: malam ya bi shi da jan biro, ko shafi goma sun wuce ba wanda ya duba? Ku ƙirga yara nawa ke kan tebur ɗaya. Ku leƙa randa, ku tuna zafin Afrilu in ya haura digiri 40. Ku ɗaga kai ku dubi rufi ma. Har yau zuciyata ba ta manta gobarar ajin zana ta Yamai ba, a Afrilun 2021, wadda ta ci yara 20, ga ta Maraɗi a Nuwambar shekarar. Shi ya sa muka ƙi ƙara aji sai mun samu kuɗin bulo da kwano, ko da wuri zai yi mana kaɗan bana.

Batun kuɗi, ku yi lissafi har Yuni, da na kabu-kabu in gida da nisa. Muna karɓa kashi uku. Wanda abu ya cije masa ya zo mu zauna, kada yaro ya ɓace a tsakiyar shekara don kunya.

Inna ta rubuta jikanta, ta ce za ta riƙa leƙowa ba sanarwa. Mun ce ƙofa a buɗe take.

Mai zuwa rubutu ya taho da takardar haihuwa, katin rigakafi da hoto 2, Litinin zuwa Juma'a, daga ƙarfe 8 zuwa 12.

Naku,
Direktan makaranta, a madadin dukan malamai